Fushin Mai Taɓin Ƙwaƙwalwa: Abin Da Likitoci Suka Gano

'Yar'uwa, in kina jinyar mai taɓin ƙwaƙwalwa da ke harzuƙa kan abin da bai kai ya kawo ba, kada ki yi saurin cewa mugunta ce. A ƙwaƙwalwa akwai sinadarin sirotonin, mai taimakawa wajen taka wa fushi birki. A 1979, Dakta Gerald Brown ya auna ruwan ƙashin bayan wasu sojojin Amurka masu larurar ɗabi'a, ya ga waɗanda alamar sinadarin ta ragu a jikinsu sun fi yawan faɗa. Amma nazarin 2013 ya nuna alaƙar ƙarama ce. Giya da ƙwaya ma suna rura wutar sosai. Don haka kada ki sayo magani a kemis. Ki riƙa rubuta lokutan da fushin ke tasowa, ki kai wa likitansa.