Addu'a da Salama a Lokacin Wahala: Gaskiya da Jita-jita

Maganganu da yawa suna yawo a majami'u da gidajen Kiristoci game da addu'a da kwanciyar hankali, musamman inda rikici ko talauci ko ciwo ya yi katutu. Wasu suna da tushe a Littafi Mai Tsarki. Wasu kuwa yawan maimaitawa ne ya sa suka zama kamar aya, alhali babu inda aka rubuta su.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wai mai bangaskiya na gaske ba ya tsoro, ba ya kuka, kuma wanda ya shiga ƙunci bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Wannan ba gaskiya ba ne. Annabi Iliya, bayan nasarar da ya samu a Dutsen Karmel, ya gudu jeji har ya roƙi mutuwa, kuma abin da aka fara ba shi, kamar yadda yake a 1 Sarakuna sura 19, abinci ne da ruwa da barci, ba tsawatawa ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura 150 kuka ne da ƙorafi a gaban Allah. Akwai ma littafi guda, Makoki, wanda juyayin rushewar Urushalima ne daga farko har ƙarshe. Yesu kansa ya zub da hawaye a kan mutuwar Li'azaru, ya kuma shiga matsananciyar damuwa a Getsamani a daren da aka kama shi. Wanda ya ce wa gwauruwar da ke cikin makoki ta share hawaye don kada ta kunyata bangaskiyarta, ya ɗora mata kayan da nassi bai ɗora mata ba.

Makamanciyarta ita ce cewa kowace masifa hukuncin wani zunubi ne a ɓoye. Hujjar abokan Ayuba ke nan, kuma a ƙarshen littafin su aka tsawata wa. A Yohanna sura 9, da almajirai suka tambayi laifin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, Yesu ya wanke mutumin da iyayensa duka. A Luka sura 13 ya ce mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rufta a kansu ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

To, ina gaskiyar take? Cewa addu'a tana kwantar da hankali, wannan koyarwa ce ta asali, kuma masu bi sun daɗe suna shaida ta. Sai dai a lura da abin da aka yi alkawarinsa. Manzo Bulus yana tsare ya rubuta wa Filibiyawa, kuma a sura 4 abin da ya ce addu'a da godiya za su kawo shi ne salamar da ke tsare zuciya. Bai ce duk abin da aka roƙa za a samu ba. Shi kansa sau uku ya roƙi a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya, aka amsa masa da alherin jimrewa, ƙayar kuwa tana nan.

Daga nan ake gane ɓatan masu cewa a "shuka iri" da kuɗi, ko a sayi mai ko ruwa na musamman, kafin addu'a ta karɓu. Baiko da zakka suna da gurbinsu a sujada, amma ba farashin salama ba ne. A Ayyukan Manzanni sura 8, wani mutum mai suna Siman ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya yi masa kakkausar tsawa. Abin takaici, waɗanda wannan ciniki ya fi cuta su ne waɗanda ba su da shi: mai jinya, da wadda ta rasa miji, da wanda aka raba da gonarsa.

Mafi haɗari cikin jita-jitar duka ita ce wai zuwa asibiti ko shan magani rashin dogara ga Allah ne, domin wannan tana iya cin rai. Luka, marubucin Bishara, likita ne. Da Sarki Hezekiya ya yi ciwo ya yi addu'a, Annabi Ishaya ya sa aka shafa masa ɓaure a kan marurun. Masu bisharar da suka kafa ikkilisiyoyi a Najeriya da Nijar su ne kuma suka gina asibitoci, irin su na Vom a 1922 da na Galmi a Nijar a 1950, ba su taɓa ganin saɓani tsakanin allura da addu'a ba. Haka abin yake ga ciwon damuwa. Idan mutum ya yi makonni biyu ko fiye cikin baƙin ciki mai nauyi, barci ya gagara, abinci ya fita ransa, ko ya fara tunanin hallaka kansa, yana buƙatar likita, ba ƙarin azumi ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, kuma fasto mai hikima yakan yi addu'a da mutum sannan ya raka shi can.

Akwai kuma zaton cewa salama abu ne da mutum ke samu shi kaɗai a ɗakinsa. Addu'ar kaɗaici tana da muhimmanci, amma abin da ya faru da Ekklesiyar Yan'uwa a Najeriya, wato EYN, ya nuna ɗaya gefen. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan wannan ikkilisiya ne, kuma a Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi. Shugabanninta ba su tsaya ga kiran azumi da addu'a kawai ba. Sun raba abinci, sun nema wa 'yan gudun hijira matsuguni, sun kuma shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda mutane suke zama su faɗi abin da suka gani a gaban waɗanda za su saurara. Irin wannan aiki ne zumuntar mata ke yi a ikkilisiyoyi da dama, da ziyara da gaisuwar makoki da kai tuwo gidan da aka yi rashi.

A irin waɗannan tarurruka tambayar gafara takan taso, tare da kuskuren cewa wanda ya yafe ba shi da ikon neman haƙƙinsa. Gafara a koyarwar Kirista barin ramuwa ce da sakin ƙiyayya, kuma sau da yawa takan ɗauki shekaru. Ba ta hana kai ƙara. Bulus, wanda ya yi ta koyar da gafara, ya tuna wa sojojin da za su yi masa bulala cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, daga baya kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar.