Soron Shari'a na Zariya: Darasin adalci da magabata suka gina da laka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A ƙasarmu ta Karaye da Rogo, da wuya a sami gidan da wani nasa bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ko a kan rabon gado, ko iyakar gona, ko bashi, ko ciyar da iyali. Daga Daura ta Karaye har ƙauyukan Rogo da ke bakin iyakar jihar Kaduna, kowa ya san sammaci, kowa ya san ranar zama. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar dalilin da ya sa magabata suka gina wurin shari'a a inda suka gina shi, da siffar da suka ba shi. Mafi bayyanar amsar wannan tambaya tana birnin Zariya, wanda ba shi da nisa da mu ta wajen kudu.

Aikin Babban Gwani

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka gina Masallacin Juma'a na Zariya. Wanda ya jagoranci aikin shi ne Malam Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, kuma har yau akwai unguwa mai wannan suna a cikin birnin. Katanga ce ta kewaye masallacin, aka yi mata zauruka da masallata ke shiga ta cikinsu su yi alwala. A cikin wannan haraba aka tayar da soro na musamman domin shari'a, yana jikin masallacin amma dabam da ɗakin salla.

Duka ginin da tubali da laka aka yi shi. Tubali shi ne curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, sannan a jera shi kansa na sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yakan yi kauri daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufin kuwa da azara ake yinsa, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika cinsa ba. Matsalar azara ita ce ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar da ta haye ta wuce kimanin mita 2. To yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki alƙali da masu ƙara da shaidu da 'yan kallo?

Dabarar da magina Hausawa suka gano ita ce bakan gizo. Ana dasa azara a cikin bango daga ɓangarori biyu, a ɗaure wata a kan wata, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, a lulluɓe su da laka, har hannuwan biyu su haɗu a tsakiya. Idan bakuna da yawa suka gitta juna sai su ɗauki tulluwa, ɗaki ya yi faɗi da tsawo. Daga waje a shafe da makuba ko laso domin ruwan sama, a sa indararo ya zubar da ruwan nesa da bango. Kaurin bangon yana tare zafin rana, tsawon rufin yana ba iska wurin zagayawa, saboda haka mai zama ciki da tsakar bazara yana cikin sanyi.

Fiƙihun da ke cikin ginin

Wannan tsari bai zo da ka ba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe suna tattauna inda ya dace alƙali ya zauna. An ruwaito daga Imam Malik cewa yin hukunci a masallaci tsohon al'amari ne da aka gada, domin masallaci wuri ne da mai rauni ke shiga ba tare da wani ya tare shi a ƙofa ba. Imam Shafi'i kuwa ya karhanta hakan, saboda hayaniyar masu husuma. Sai malamai da dama na Malikiyya suka zaɓi alƙali ya zauna a farfajiyar masallaci, domin mace mai haila da wanda ba Musulmi ba su iya isa gare shi, kuma a tsare alfarmar wurin salla. Soron Zariya ya tattara waɗannan maslahohi a gini guda.

Akwai wani dalilin kuma. A fiƙihun Malikiyya, idan abin da ake jayayya a kai ya kai rubu'in dinari, a masallacin Juma'a ake yin rantsuwa domin a girmama ta a zuciyar mai yin ta. Haka li'ani tsakanin miji da mata, a masallaci ake yinsa. Idan kotu tana jikin masallaci, taku kaɗan ne tsakanin wurin da'awa da wurin rantsuwa. Alƙalin da ke jin kiran salla a kusa da kunnensa kuma, ana tuna masa kullum cewa shi ma akwai ranar da zai tsaya a gaban Mai hukunci.

Hatta faɗin soron da sanyinsa suna da alaƙa da ladubban hukunci. Manzon Allah (SAW) ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, malamai kuma suka yi ƙiyasin duk abin da ke dagula tunani a kan fushi, kamar yunwa da ƙishirwa da matsanancin zafi. Sayyidina Umar, a wasiƙarsa ga Abu Musa al-Ash'ari, ya umarce shi da ya daidaita mutane a wurin zama da fuskantarwa, don kada babba ya yi kwaɗayin a karkata gare shi, kada kuma ƙarami ya yanke ƙauna. Ɗaki mai fili, inda mai ƙara da wanda ake ƙara za su zauna daidai a ƙasa gaban alƙali, jama'a na ji suna gani, shi ne ke sauƙaƙa bin wannan umarni.

Daga zaure zuwa kotun gunduma

A ƙasar Kano, tarihin shari'a ya girmi wannan gini. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya rubuta masa nasiha kan tafiyar da mulki da adalci. A farkon ƙarni na 19 kuma, a Kano ne Shehu Abdullahi bn Fodiyo ya wallafa Diya'ul Hukkam. A wancan lokaci sarki yana sauraron ƙara a fadarsa tare da majalisarsa, alƙalai kuma galibi a zaurukan gidajensu suke zama.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, a zamanin Sarki Abbas, aka karkasa ƙasar gunduma-gunduma, aka tura hakimai su zauna a cikin gundumominsu, aka kuma naɗa alƙalan gunduma masu albashi daga baitulmali. Ta haka tsofaffin garuruwan sarauta irin su Karaye suka shiga sabon tsarin, aka fara rubuta shari'u a littafi da hannun mufti da magatakarda. A 1928 aka buɗe makarantar shari'a ta Shahuci a Kano, a 1934 aka kafa makarantar horar da alƙalai ta Arewa, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. A 1968 kotunan En'e suka koma hannun gwamnati da sunan kotunan yanki, aka soke kotunan sarakuna. A shekarar 2000 kuma jihar Kano ta kafa kotunan Shari'ar Musulunci da muke zuwa yau.

Da kowane sauyi, kotu tana ƙara nisa da masallaci da gidan malami, tana komawa ginin siminti da kwano mai benci da akwatin shaida. An sami riba ta fuskar rubutu da damar ɗaukaka ƙara. Amma duk wanda ya taɓa yini a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu yana jiran a kira shari'arsa, ya san an yi asarar wani abu.

Abin da ya rage a wuyanmu

Shi kansa ginin Zariya bai tsira duka ba. A shekarun 1970 an tayar da sabon masallaci na siminti a wurin, ya lulluɓe abin da aka bari na tsohon. Sa'ar da aka yi ita ce wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna shi ya zana, kuma an gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Idan ginin da ya shahara haka ya sha da ƙyar, to ina ga tsofaffin zaurukan alƙalai da ke garuruwanmu, waɗanda damina ke ci kowace shekara?

Tun daga 2024 masarautar Karaye ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, kuma muna ganin wannan aiki ne da ya dace da ita. A tambayi dattawa inda alƙalan farko suka zauna, a auna abin da ya rage, a ɗauki hotonsa. A nemo tsofaffin littattafan shari'a kafin gara ta gama da su, domin a cikinsu akwai iyakokin gonaki da rabon gadon da jikoki ke rigima a kai yau. Ɗalibanmu masu karanta Risala da Tuhfatul Hukkam za su iya ɗaukar wannan a matsayin hidimar ilimi.

Idan kuma za a gina sabuwar kotu ko a gyara tsohuwa, a yi tambayoyin da malamanmu suka yi. Shin bazawarar da ta zo daga ƙauye da goyo a bayanta za ta sami inuwa da ruwa da wurin zama na mutunci? Shin talaka zai isa gaban alƙali ba tare da ya bi ta hannun ɗan tsakiya ba? Shin alƙalin yana cikin yanayin da hankalinsa zai kwanta ya saurari kowane ɓangare har zuwa i'izari? Babban Gwani ya amsa waɗannan da tubali da azara, mu kuwa muna da siminti da ƙarfe, uzurinmu ya fi nasa ƙaranci.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yi wa alƙalanmu jagora, Ya kiyashe mu cin haƙƙin juna. Amin.