IDAN DARE YA RISKE MU A DAJI: YADDA ZA MU HURA WUTA

A nan ƙasar Zuru, daga Dirin Daji har ƙauyukan Sakaba, da wuya a sami magidancin da dare bai taɓa riskarsa a daji ba. Wani rafi ne ya kawo ruwa ya raba shi da gida. Wani saniya ce ta ɓata. Wani kuma ɗan kabu-kabu ne, babur ya mutu masa a hanya. A irin wannan dare wuta tana iya ceton rai. Amma da yawanmu mukan ƙarar da ashana a banza, domin mukan ƙyasta tun ba mu shirya ba.

Me za mu fara yi?

Da fari mu tsaya tun da sauran rana. Tafiyar dare ga wanda ya ɓata hanya ƙarin ɓata ce. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyu, mu duba ko wuta ta dace. Mun san a shekarun nan 'yan bindiga sun addabi dazuzzukan yankinmu, harshen wuta kuwa ana hangensa daga nesa da dare. In wurin ba lafiya, mu haƙura da ita, ko mu haƙa ɗan rami mu yi 'yar ƙarama a ciki.

Na uku, mu zaɓi masauki a kan tudu, inda dutse ko kurmi ya tare iska. Kada mu kwana cikin busasshen rafi da damina, gama ruwan da aka yi a wani wuri yana iya saukowa tsakar dare. Kada kuma mu fake gindin dogon itace shi kaɗai sa'ad da ake tsawa.

Abinci shi ne na ƙarshe. Mutum yana iya yin makonni ba ci, amma kwana uku ba ruwa sun isa su kai shi ga halaka. Sanyi ya fi duka sauri. Zafin jikin mai lafiya awo 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, sai makyarkyata da ruɗewa. Jiƙaƙƙiyar riga da iska suna iya jawo haka, musamman ga yara da tsofaffi, ko a marka ko a hunturu.

Tara makamashi kashi uku

Murhu ba ya tsayuwa sai da duwatsu uku. Haka wuta: tana bukatar zafi, da makamashi, da iska. Kafin mu taɓa ashana mu tara waɗannan:

1. Abin kama wuta: audugar rimi, ko ta tumfafiya, ko busasshiyar ciyawa da muka murtsuke ta yi laushi. Cikin tafi biyu.
2. Ƙirare: daga masu kaurin tsintsiya zuwa masu kaurin yatsa. Runguma guda.
3. Itace mai kauri wanda zai kai mu asuba. Busasshen kashin shanu ma yana riƙe garwashi.

Da damina kada mu tsinci itacen ƙasa, ya sha ruwa. Mu karyo matattun rassan da ke bisa, mu faskara su da adda, cikinsu a bushe yake. In ya yi ƙara sa'ad da ya karye, zai ci. Itacen da ke kwance kuwa, mu juya shi da sanda tukuna saboda kunama da kububuwa. Mu guji tinya, ruwanta yana ɓata ido.

Hanyoyin samun wuta

Ashana. An ƙago ta a Ingila a 1826, ita ce kuma mafi sauƙi, amma danshi yana kashe ta. Mu ɗaure ta cikin leda, mu raba ta aljihu biyu. Mu ba iska baya, mu tsuguna kusa da ciyawar, sa'an nan mu ƙyasta. Mu sa wutar daga ƙasa, gama sama take hawa.

Ƙyastu. Da shi kakanninmu suka yi zamani, har yau maƙeri yana iya ƙera mana. Ruwa ba ya ɓata shi. Mu riƙe ƙanƙara ko farin dutse mai kaifi, mu ɗora 'yar ƙonanniyar auduga a bakinsa, mu bugi kaifin da ƙarfen. Dutsen yana kankare ƙananan ɓarɓashin ƙarfe, su ne tartsatsin da muke gani. Auduga ɗanya ba ta saurin kamawa, shi ya sa ake babbaka ta a gida, a kashe, a adana cikin gwangwani. Da ta yi ja, mu naɗe ta cikin ciyawa mu hura a hankali.

Gilashin ƙara girman rubutu. Da tsakar rana yana tara hasken rana wuri ɗaya har auduga ta kama. Ba shi da amfani da dare ko cikin hazo.

Murza itace. A sami busasshen tsinke miƙaƙƙe, a kafa shi kan itace mai taushi da aka yi wa ɗan tsagi, a yi ta murzawa da tafin hannu har baƙin gari ya taru ya soma hayaƙi. Aiki ne mai wuya ƙwarai. Wanda bai koya a gida ba kada ya dogara gare shi a daji.

Da wuta ta kama, mu ciyar da ita kaɗan kaɗan, ƙanana kafin manya. Mu bar ƙofar iska. Fetur kuwa ko kusa, ya ƙone mutane da yawa.

Amfani da ita, da kashe ta

Mu shanya tufafi, mu tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Kada mu jera duwatsun rafi a murhu, ruwan da ke cikinsu yana fasa su. Cikin bukkar gona kada mu rufe ƙofa ruf da garwashi a ciki, iskarsa tana kisa cikin barci. In ana nemanmu, ɗanyen ganye a kan wuta yana ba da farin hayaƙi da rana.

Da rani mu share ciyawa taki biyu kewaye da murhu. Kafin mu tashi mu zuba ruwa ko ƙasa, mu motsa tokar, mu kai bayan hannu kusa mu ji ta huce. Garwashi ɗaya da iskar hunturu sun isa su cinye dawar maƙwabci da ke tare a gona, da ciyawar dabbobi, da 'ya'yan itatuwa.

'Yan'uwa manoma, mu sa ashana cikin leda, da 'yar auduga, da wuƙa, a jakar da muke zuwa gona da ita. Ran da ba aiki kuma, mu tara yaranmu a tsakar gida, mu ba kowa tsinken ashana ɗaya tak, mu ga wanda zai hura wuta da shi.