Sayen Tsohuwar Mota: A Yi Lissafi Kafin a Ce "Na Saya"

Idan kaka ta yi, aka sayar da wake da gyaɗa da aya, kuɗi sukan shigo hannu. A lokacin ne wasu daga cikinmu suke tunanin sayen mota. Tunanin ba laifi ba ne. Babban titin da ya taso daga Yamai ya nufi Damagaram ya ratsa Gidan Rumji, da Cadawa, da Agye, da Gazawa. Mai mota yana iya kai amfanin gonarsa kasuwa, ya ɗauki na wasu a biya shi, ya kuma kai mara lafiya asibitin Maraɗi ko da tsakar dare ne.

Amma mun sha ganin wanda ya sayar da shanun noma ya sayi mota, kafin damina ta wuce motar tana kan duwatsu a ƙofar gida. Ba shanu, ba mota, ga bashi. Don haka a yau za mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi tare.

Daga ina motocin suke fitowa?

Yawancin motocin da muke saya sun daɗe suna aiki. Wasu daga Turai aka kawo su ta jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome. Wasu daga Najeriya suke shigowa. Motar Peugeot 504 da muka sani an fara ƙera ta a Faransa a shekarar 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna. Tuni aka daina yin ta, saboda haka duk wadda muka gani tsohuwa ce, komai ƙyallin fentinta.

Kuɗin mota da na kayan gyara suna bin abin da yake faruwa a waje. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kayan waje sun yi tsada ƙwarai. Da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, hanyar Kwatano ta toshe. Saboda haka kada mu dogara da kuɗin da wani ya sayi tasa shekarun baya. Mu tambayi kuɗin yau a wuri uku ko huɗu, a Maraɗi da wajen direbobin tasha, kafin mu taya.

Yadda ake duba mota

Kada mu je mu kaɗai. Mu tafi da makanikin da muka yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ga abin da za a duba:

1. A tayar da injin da safe yana da sanyi. Injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa.
2. A dubi hayaƙi. Shuɗi yana nuna injin yana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa yana nuna ruwa yana shiga injin. Dukansu gyara ne mai tsada.
3. A zaro sandar awon baƙin mai. Idan man ya yi kama da shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi.
4. A shiga ƙarƙashin mota a nemi tsatsa, da walda, da wurin da mai yake ɗiga.
5. A gwada birki, a dubi tayoyi. Wannan maganar rai ce, ba ta kuɗi kaɗai ba.
6. A ɗora mata kaya, a sauka daga kwalta a shiga yashi. A can za ta yi aikinta.

Kada mu gaskata lambar tafiya da ke gaban direba, domin ana iya mayar da ita baya. Mu kuma tambaya: idan wani abu ya karye, ana samun irinsa a Agye ko Gidan Rumji, ko sai an je Maraɗi ko Katsina? Motar da kayanta suke da wuyar samu ba ta da araha, ko nawa aka sayar da ita.

Takardu

A karanta takardar shaidar mota, wato kat giriz. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar dole ta yi daidai da wadda ke cikin takardar, baƙi da baƙi. A dubi sunan mai ita. Idan ba shi ne yake sayarwa ba, a nemi dalili. Idan motar daga wata ƙasa ta shigo, a ga takardar duwan. Sai asiransi da takardar duba lafiyar mota. Duk wadda babu, mai saye ne zai biya, don haka a rage kuɗinta daga ciniki.

Biya da kaɗan-kaɗan

Ga misali, don mu koyi lissafin. Mai mota ya ce: "Kuɗi hannu, jika 1500. Idan ba ka da su, kawo jika 600 yanzu, sannan jika 100 kowane wata har wata 12."

Jika 100 a wata ba ta da nauyi a kunne. To mu rubuta. Jika 100 sau 12, jika 1200 ke nan. A haɗa da 600, ya zama jika 1800. An yi ƙarin jika 300. Bashin da muka ci kuwa jika 900 ne kawai, domin mun ba da 600 tun farko. Ke nan a kan kowace jika 3 an ɗora jika 1. Bugu da ƙari, bashin yana raguwa kowane wata, amma ƙarin bai ragu ba. Idan aka auna shi yadda banki yake aunawa, ya wuce kashi 50 cikin 100 a shekara.

Mu gwada wannan da doka. A shekarar 2014, ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa sun sa iyakar ruwan bashi: kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga asusun ajiya da lamuni. Duk wanda zai ci bashi a banki ko asusu, ya ce a nuna masa iyakar da ke aiki a ranar, a kuma rubuta masa jimillar abin da zai biya, har da kuɗin takardu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba saboda riba, ya tambayi malamai kafin ya sa hannu, ba bayan ya sa ba.

Lissafin bai ƙare ba. A ce la'adar dillali jika 30, tayoyi da batir da gyaran farko jika 250, takardu jika 120. Motar da aka ce jika 1500 ta tashi a kan jika 2200. Wannan shi ne kuɗinta na gaskiya.

Motar za ta iya biyan kanta?

A ce tana fita kwana 16 a wata. Bayan an cire kuɗin mai, da na direba, da na tasha, ana samun jika 8 a rana. A wata, jika 128 ke nan. A ware jika 40 don gyara, saura 88. Amma ana bin mu jika 100. Daga ina 12 za su fito? Daga rumbu za su fito. Wannan ma lissafin rani ne. Da damina, in Gulbin Kaba ko Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, hanyoyin ƙauye sukan lalace, motar ta yi kwanaki ba ta fita ba. Wata kuwa ba ya jiran kowa.

Idan lissafi ya nuna haka, akwai mafita. A jira kaka mai zuwa a ƙara kuɗin farko. A shiga adashi. Ko mutum biyu ko uku su haɗa hannu, su rubuta rabon kowa. Ko a tsaya ga amalanken shanu tukuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A rubuta, a sa shaidu

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a surar Baƙara, tana umurni da a rubuta bashi, a kuma kafa shaidu. Takardar ciniki ta ƙunshi waɗannan: jimillar kuɗi, da abin da aka ba da, da ranar biya, da abin da zai faru idan an makara. A bayyana ko mai mota zai iya karɓe ta, da abin da zai mayar daga kuɗin da aka riga aka biya. A faɗi ranar da za a juya takardu zuwa sunan mai saye. Kowane biya a karɓi rasit. Kada a jinginar da gona, kada a taɓa iri da abincin gida.

Mun shiga ajin yaƙi da jahilci don irin wannan rana. Wanda ya iya karatu da lissafi ba ya dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba. Muna roƙon malaman azuzuwa su rubuta wannan misali a kan allo, ɗalibai su sake lissafin da kuɗin da ake faɗa a garinsu. Sayen na gari, mai da kuɗi gida. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga bashin da ya fi ƙarfinmu, amin.