Idan ruwan magudanar Makera ya canza launi

Duk wanda ya tashi a Makera ko Kakuri ya san manyan magudanan da ke bi ta bayan masana'antu su gangara Kogin Kaduna. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, ga kamfanin giya, ga DICON, ga Peugeot daga 1975, waɗannan magudanan ne ke kwashe dattin ruwan yankin. Zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana, ruwan kan ɗauki launin rinin da aka yi, yau shuɗi, gobe ja.

KTL ta rufe a 2002, wasu suka bi sahu, sai mutane suka ɗauka an rabu da Bukar. Ba a rabu ba. Akwai masana'antun da ke aiki har yanzu, akwai tsofaffin durom-durom a sito, ga tankokin mai da ke ratsa gari, ga baƙin man da makanikai ke tuttulawa a kwata.

Malalar sinadari ba iri ɗaya ba ce. Soda da asid suna ƙona fata, su kashe kifi nan take, amma idan kogi ya cika yakan tsarma su. Dattin abinci ko na giya ba guba ba ne a kan kansa. Ruɓewa yake yi ya cinye iskar da ke cikin ruwa, shi ya sa za ka ga kifi ya taso sama yana haki. Mafi sharri su ne ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam. Waɗannan ba sa ruɓewa. Kwanciya suke yi a cikin laka, su shiga jikin kifi, su hau ganyen alayyafo da latas ɗin da aka yi wa ban-ruwa da ruwan. Tafasawa ba ta fitar da su, alif ma ba abin dogaro ba ne. Wanda ke ganin wasa ne ya tuna Zamfara a 2010, inda dalma ta kashe yara sama da 400.

Rani ne lokacin haɗari. Kogi ya ja baya, babu ruwan da zai tsarma datti, kuma a lokacin ne masu lambu suka fi jona injin ban-ruwa.

Wa za a kai wa kuka? Jiha tana da hukumar kare muhalli, KEPA. Tarayya tana da NESREA, wadda aka kafa a 2007 ta gaji FEPA, ita kuwa FEPA an haife ta ne a 1988 bayan an jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko. Idan mai ne ya malala, aikin hukumar NOSDRA ne, kuma doka ta ba kamfani awa 24 ya kai rahoto. A binciken haɗin gwiwa da ake yi bayan malalar mai, wakilan al'umma suna da gurbi, kuma suna sa hannu a takarda. Kada wakili ya sa hannu kan abin da bai karanta ba.

Sai dai jami'i ba ya kwana a bakin magudana. Kafin ya iso, ruwa ya tafi da shaida. A 2024 matan Kapam, a ƙaramar hukumar Chikun, sun yi zanga-zanga a ƙofar matatar mai ta Kaduna suna zargin wani sinadari ya lalata musu gonaki ya sa su ciwo. Irin wannan ƙara, komai gaskiyarta, tana tsayawa ne da ƙafafunta idan akwai abin nunawa. Don haka masunci da mai lambu da mai wankin mota, waɗanda su ne ke fara jin wari, su ne masu sa ido na ainihi.

Abin yi a awannin farko ba shi da wuya. A ɗauki hoto da bidiyo, a rubuta rana da lokaci. A ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta, hannu cikin safar roba, ɗaya daga saman inda dattin ke shigowa, ɗaya daga ƙasa, domin bambancin biyun shi ne hujja. A ɗebi laka ma. A hana yara wanka, a janye dabbobi, kada a ci mataccen kifi, kada kuma a kai shi kasuwa, duk da na san asarar tana da ciwo. A sanar da mutanen ƙasa da ku, wajen Nasarawa da Kudenda, domin ruwan gare su ya nufa.

Mai unguwa ya kai ƙorafi a rubuce, ya karɓi kwafi mai hatimi. Maganar baki a ofis ba ta da rasit. Idan hukumar tarayya ta gwada ruwan, a nemi sakamakon. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ta kwana 7 ta amsa.