Man Ƙamshin Tsirrai da Mace Mai Juna Biyu

Idan aka murza ganyen na'a-na'a ko ɓawon lemo, ƙamshin da ke tashi daga wani ɗan mai yake fitowa, wanda tsiron ya adana a jikinsa. Masu tace shi kan cika tukunya da ganye ko fure, su tura tururi ya ratsa, sannan su sanyaya tururin, man ya taso saman ruwa. Kafin a samu kilo 1 na man furen wardi, sai an tace furanni wajen tan 3 zuwa 4. Ke nan ɗigo guda ƙarfin tulin tsiro ne aka dunƙule. Ya sha bamban da man zaitun ko man gyaɗa da ake ci, kuma fitowarsa daga tsiro ba ta sa ya rasa illa ba.

Sinadaran wannan mai kan ratsa fata da huhu su shiga jini, wasunsu kuma su bi ta mabiyiya su isa ga ɗan tayi. A watanni ukun farko ne zuciya da ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓin jariri ke haɗuwa, shi ya sa aka fi so mace ta haƙura da shi gaba ɗaya a wannan lokaci.

Wasu kuwa a nisance su har a haihu. Man wani ɗan'uwan na'a-na'a mai suna feniroyal yana lalata hanta, ya kuma kashe matan da suka sha shi don zubar da ciki. Kafur yana ratsa mabiyiya, shan sa kuma kan jawo jijjiga. Man wintagirin kusan dukkansa sinadari ne dangin asfirin. Waɗannan biyun na ƙarshe suna cikin yawancin man zafi da ake shafawa don ciwon baya, saboda haka mai ciki ta tambayi likita kafin ta shafa. Man kirfa da na kanumfari kuwa suna ƙona fata.

Bayan wata uku, idan ciki lafiya lau yake, shaƙa ce hanya mafi sauƙin haɗari. A ɗiga ɗigo 1 ko 2 na man lemun tsami ko na lafanda a hankici, a shaƙa jifa-jifa a ɗaki mai iska. Wani bincike da aka buga a Iran a 2014 ya nuna ƙamshin lemun tsami yana rage tashin zuciyar laulayi. Idan kai na sarawa, sai a ajiye.

Idan shafawa za a yi, kada a taɓa sa shi tsurarsa. Ɗigo 1 a cikin ƙaramin cokalin man kwakwa ko man kaɗe ya isa. A fara gwadawa a cikin hannu, a jira kwana guda. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bari. Ba a sha, ba a zubawa a shayi, ba a matsi da shi, ba a kuma neman jawo naƙuda da shi.

Mai asma, ko farfaɗiya, ko hawan jini, ko wadda ta taɓa yin ɓari, ta riƙe kwalbar zuwa awo ta nuna wa ungozoma kafin ta buɗe. Duk wadda ta ga jini, ko ciwon mara mai tsanani, ko ta ji motsin ɗa ya ragu, asibiti za ta nufa nan take.