Aiki da rana, karatu da dare: abin da ya kamata ku sani

A Daddara da sauran garuruwan da ke kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, akwai malaman firamare da ma'aikatan lafiya da ke neman NCE ko digiri ba tare da sun ajiye aiki ba. Wasu na bin shirin NTI, cibiyar horar da malamai ta Kaduna. Wasu na Jami'ar NOUN ta karatu daga gida, wadda aka farfaɗo da ita a 2002. Kuɗin makaranta da na mota na kayar da wasu, ba shakka. Amma akwai wani abu da ke kayar da ɗalibi tun kafin aljihu ya bushe, wato ranar da ya ce wa kansa, "Ni kam kaina ya daina ɗauka."

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura, na Jami'ar Stanford a Amurka, ya yi bayanin wannan a 1977. Ya nuna cewa gwargwadon yadda mutum ya yarda zai iya wani takamaiman aiki, gwargwadon ƙoƙarin da zai sa ke nan, da daɗewar da zai yi kafin ya karaya. Wannan yarda ba ta game komai: malamin da ke riƙe cunkoson aji ba gezau, yana iya rawar jiki a gaban kwamfutar jarrabawa.

Babbar hanyar gina wannan yarda, in ji Bandura, ita ce nasarar da mutum ya samu da hannunsa. Saboda haka kada ku jira hutu ku haɗiye littafi guda. Bayan sallar Asuba, kafin yara su tashi, ku karanta shafi uku, ku rufe, ku amsa tambaya ɗaya daga tsofaffin takardun jarrabawa. In kun ci, kun samu hujjar da kasala ba za ta iya musawa ba. Ganin abokin aiki mai iyali irin naku ya kammala yana ƙara ƙarfin gwiwa. Yabo ma na taimakawa, sai dai ba ya jure faɗuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne gajiya. Wanda ya wuni a tsaye, ya sha tsayawa a shingayen jami'an tsaro, ya iso gida da fargabar 'yan bindiga, in ya buɗe littafi da dare bai fahimta ba, sai ya ɗauka daƙiƙi ne. Ba haka ba ne. Barci jikinsa ke nema. Irin wannan ɗalibi ya sauya lokacin karatu kafin ya yanke wa kansa hukunci. Shugabanninsa a wurin aiki kuma su sassauta masa a makon jarrabawa, domin takardar da yake nema makarantar ko asibitin ne za su fara cin moriyarta.